Takarda Goma Kafin Jiniyar Ƙarfe Biyu

Kun daɗe kuna jin gwaggonku Talatu tana cewa wai talauci ne ya fitar da ni daga makaranta, wai kakanku ne ya kasa. Ni ma na ƙyale ta tana faɗi, don ya fi min daɗin ji. To yau zan gyara maganar, tun ina da bakin gyara ta. Kakanku bai kasa komai ba. Ni na fitar da kaina, kuma a cikin hutu ɗaya tak, dogon hutun daminar da soja suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki, wato karon farko da na ga zaɓe da idona. Duk yawon da kuka ji na yi daga baya, kwandasta a Legas, gadi a Jos, tallar batir a Kano, zaman wata uku nan wata biyar can, duk daga wannan hutun suka taso. Har yanzu in aka yi ruwan safe ya bugi kwano, can nake komawa.

A Makera muke zaune lokacin, gidan haya mai ɗaki takwas da famfo ɗaya a tsakar gida. Baba yana aiki a masaƙa a Kakuri, ɓangaren injin saƙa. Unguwar gaba ɗaya da jiniyar kamfani take tashi, da ita take ɗora tukunya. Inna ba ta taɓa mallakar agogo ba, in Baba na aikin safe, da ta ji ta ƙarfe biyu ta san yana hanya, sai ta sauke tuwo. Baba bai yi boko ba, ko takardar albashi yatsa yake dangwalawa, amma ya san lamba sarai. A jikin kowane inji akwai wata 'yar mita mai ƙirga abin da mutum ya saƙa, in an tashi sufabaiza ya zo ya leƙa ta ya rubuta. Tun kafin a haife ni haka yake rayuwa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa ya gaji ko bai gaji ba, zare ya yi gardama ko bai yi ba. Mita kawai ake dubawa. A wurinsa duk aikin da aka yi da gaske, to yana da adadi, ana iya ganinsa da ido.

Ina aji uku na sakandare, a wata makaranta hayin gada, kuma na riga na taɓa maimaita aji sau ɗaya. Ranar da aka ba da hutu aka haɗo ni da wasiƙa. Ban kai ta hannun Baba ba sai da Talatu ta tona ni, ta ce ta ga ambulan a cikin takalmina. Baba ya karɓa ya juya ta gaba da baya, sannan ya ɗaga murya ya kira Baban Rifkatu. Shi makanikin inji ne a kamfaninsu Baba, Kirista, mutumin kudancin Zariya kamar yadda ake cewa a lokacin, ɗakinsa yana kallon namu, kuma shi ke karanta wa rabin gidan wasiƙa. Ya fito da tabarau ɗaure da zare, ya karanta a zuci, ya dube ni ta saman gilashin.

"Malam Idi, yaronka ya faɗi lissafi. Sun ce makon farko da aka koma zai sake rubutawa. In ya ci ya wuce aji huɗu. In bai ci ba, ka nema masa wani wuri."

"Wani wuri kamar ina?"

"Ba su faɗa ba. Su dai ba nasu ba."

Washegari Baba ya dawo daga aiki da wani ƙunshi a bayan keke. Irin takardar nan ce mai ruwan ƙasa da ake naɗe bandir ɗin yadi da ita, wadda ake zubarwa. Ya zauna a bakin ƙofa da reza, ya yanka ta daidai wa daida, ya jera. Ya kuma gaya wa Inna ya roƙi wani abokin aikinsa sun yi musaya, duk hutun nan aikin safe zai yi, don ya riƙa dawowa da rana ya ga abin da na yi. Sannan ya kira ni.

"Sale, ga takarda. Kullum goma, gaba da baya. In jiniyar biyu ta buga in zo in same su cike. Ba na son dogon bayani."

Baban Rifkatu yana wanke hannu a famfo, ya yi dariya.

"Haba Malam Idi, karatu ai ba yadi ba ne da za ka auna."

"Yohanna, kai kana kwance inji, ni ina saƙa. Wanda ya yi aiki ana gani. Wanda bai yi ba, shi ne mai yawan magana."

"To shi ke nan. Rifkatu ma karatu take, su zauna tare, ko ta ɗan ja shi."

Haka aka kafa mana tebur a baranda, tsakanin ƙofarsu da tamu. Teburin guga ne na Maman Rifkatu, ƙafa ɗaya an tokare ta da bulo. Rifkatu ta girme ni da aji ɗaya, siririya, ga baki, ba ta raga wa kowa. Da jiniyar shida ta buga maza suka fice, mata suka shiga wanke-wanke, sai gidan ya yi wani irin shiru mai daɗi. Ruwa na sauka a kwano, Inna na dama koko, Maman Rifkatu na rera waƙar cocinsu a hankali tana tsince shinkafa, wani lokaci ta miƙo mana dafaffiyar masara ta ce, "Ku ci, 'yan boko, ƙwaƙwalwa ba ta aiki da yunwa." Wallahi 'ya'yana, na zaga ƙasar nan, na kwana a wurare masu kyau da marasa kyau, ban sake samun safiya irin waɗannan ba. Kuma a lokacin gani nake an ɗaure ni.

Kwanakin farko na cika goma ɗin da ƙyar, rabi aiki rabi kwafe. Sai wata rana muka kai kan lissafin nan mai haruffa biyu da ake neman ƙimarsu, wanda shi ne ya kayar da ni. Rifkatu ta ƙwace biron daga hannuna.

"Tsaya, uban gaggawa. Me kake rubutawa?"

"Abin da ke littafi mana."

"Littafi ya san abinsa, kai ne ba ka sani ba. Harafin nan ba aljani ba ne fa. Mutum ne ya ɓoye sunansa, kai kuma ɗan sanda. Tambaye shi."

"In tambayi harafi? Ke kam cocinku ba a yi miki addu'a."

"Naku masallacin ya yi maka, ga shi ka ci sifiri. Sake daga farko."

Muka yi ta fama da tambaya ɗaya tun hantsi. In yi, ta ce a'a. In soke, in sake, ta ce daga ina wannan bakwai ɗin ta faɗo? Na yi fushi na tashi na je bakin famfo na dawo. Can wajen azahar, ban san yadda aka yi ba, sai abin ya buɗe. Kamar mutum ya daɗe yana tura ƙofa, ashe ja ake yi. Na yi ta biyu ni kaɗai, na yi ta uku, ta duba bayan littafi ta ce daidai. Na daka tsalle har teburin ya sauka daga kan bulo. Rifkatu tana dariya tana cewa, "Ka gani? Ashe kan ba kabewa ba ne." Ban taɓa jin daɗi irin wannan a makaranta ba, ko sau ɗaya. Ina cikin murnar jiniya ta buga.

Baba ya jingine keke, ko ruwa bai sha ba ya miƙo hannu. Na ba shi. Ya ƙirga. Bai ɗauki lokaci ba.

"Biyu?"

"Baba, yau na gane ne. Wallahi yau ne na..."

"Biyu, su ma duk ka soke su kamar kaza ta yi tono. Tun shida nake tsaye a gaban inji, kai kana nan kana hira."

Rifkatu ta buɗe baki za ta yi magana, uwarta ta kira ta daga ɗaki, don ba a shiga tsakanin uba da ɗa. Baba ya ce gobe sha takwas, a cike giɓin yau. Ba zan ɗora masa laifi ba, abin da ya sani ke nan. Amma abin da na ɗauka a ranar shi ne, ganewa tana cin lokaci kuma ba ta cika takarda, kwafe kuwa yana cikawa. Washegari na buɗe littafin daga shafin farko na kama kwafa, da rubutu mai kyau, layi a miƙe. Kafin ƙarfe goma na gama sha takwas. Da rana Baba ya ƙirga ya shafa kaina. Tun da na yi wayo bai taɓa shafa kaina ba sai ranar.

To kun ga an bar ni da awa huɗu ba abin yi, ga gari yana tafasa. Kamfen ya kankama, kowace kusurwa fosta, kowane teburin mai shayi gardama. Akwai wata akori-kura da aka ɗaura wa lasifika biyu a ka, wani Oga Ɗanlami ke tuƙa ta, tana zaga unguwanni tana tallar ɗan takararsu. Wata safiya ina wurin mai shayi ina kwaikwayon mai maganar tasu, yadda yake in'ina in ya zo sunan jam'iyya, mutane na ta dariya, ashe Oga Ɗanlami na bayana.

"Kai ɗan waye a nan?"

"Ɗan Malam Idi na masaƙa."

"Ka iya karanta takarda?"

"Har da Turanci."

"To hau mu gani, in bakin naka ba na shayi ba ne kawai."

Ban kai shekarun jefa ƙuri'a ba, ban san me jam'iyyar take so ba, har yau ban sani ba. Abin da na sani shi ne na kama makirfo na ce jama'a salamu alaikum, sai na ji muryata ta fita ta bugi bangon kamfani ta dawo. Mata suka leƙo ta katanga. Yara suka biyo mu da gudu. Ni Sale, da malamin lissafi ke kira ɗan bayan aji. Daga ranar kullum ƙarfe tara na gama gomata, na danne su da dutse a kan tebur, na fice. Mu yi Kakuri, mu yi Barnawa, mu gangara har Narayi, lokacin duk gonaki ne da 'yan gidaje, in yi da Hausa in juya da Turancin kasuwa, tsofaffi na ɗaga min hannu daga cikin masara. Biyu saura kwata Oga Ɗanlami ya sauke ni a bakin layinmu, in wanke fuska in zauna a tebur kamar ban taɓa motsi ba.

Rifkatu ta yi min magana sau ɗaya, sau biyu. Rana ta uku ta ɗauki takardata ta duba.

"Sale, ka san me ka kwafa yau? Godiyar da mai littafin ya yi wa matarsa."

"Ai Turanci ne, ana ƙaruwa."

"Ka zauna ko awa ɗaya mu yi na gaske, sannan ka je ka yi haukanka."

"Gobe."

"Jiya ma gobe ka ce. Ni ba zan kai ƙararka ba, ba ni na haife ka ba. Amma babanka tausayi yake ba ni."

Inna ma ta gane, don muryata ta dishe. Ta miƙo min ruwan citta ta ce, "Karatun naku na zamani da ihu ake yin sa?" Na karɓa na shanye, ita ma ba ta ƙara ba. Tsoron abin da zai biyo baya ne ya rufe mata baki, na sani. Shi kuwa Baba, duk ranar Juma'a sai ya haɗa na makon, ya ɗaure da gefen yadi, ya ɗora a kan na baya a saman kabad. In abokansa sun zo ya nuna musu da haɓa. "Aikin Sale ne. Wata biyu bai yi fashi ba." Ina jin sa daga tsakar gida, amma da safe in na ji hon ɗin akori-kura, ƙafata ba ta shawara da ni.

Aka yi zaɓe aka gama. Oga Ɗanlami ya kwance lasifika ya koma ɗaukar buhunan masara, ko sallama bai yi min ba. Saura mako biyu a koma makaranta, sai tsoro ya kama ni. Na ce to yanzu zan zauna da Rifkatu mu yi na gaske. Na fito da safe na tarar da teburin an mayar da shi ɗaki. Maman Rifkatu ta ce ai jiya da yamma Rifkatu ta bi kawunta gida, za ta taya kakarta aikin gona har ƙarshen hutu. Na zauna a kan tabarma ni kaɗai da littafin. Na nemi inda ƙofar nan ta taɓa buɗe min, na rasa. Na san na taɓa ganewa, ina tuna daɗin, amma hanyar ta shafe. Na yi ta kallon shafin har hantsi, daga baya na ja takarda na cika goma, don jiniya ba ta jira.

Na rubuta jarrabawar, na faɗi. Da Baban Rifkatu ya karanta masa wasiƙa ta biyu, Baba ya ce ƙarya ne, an yi kuskure ko kuma wani malami ne ba ya ƙaunata. Baban Rifkatu ya cire tabarau ya ce, "Malam Idi, ka bari mu zauna tukuna." Baba ya ce ba zaman da za a yi, yana da shaida. Mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi zuwa aiki ba, ranar Litinin ya ɗauki hutun kwana ɗaya, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya sauko da ɗaurin takardun nan gaba ɗaya ya ɗaure a gaban keke, ya ce in hau baya. Tun daga Makera har muka haye gada ina so in ce Baba tsaya, amma na bari har muka isa.

A ofis ya durƙusa ya gaida shugaban makaranta, ya kwance ɗaurin a kan teburinsa da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi makaranta ba, amma na san aiki. Ga abin da yaron nan ya yi a hutu. Kullum goma, ni nake ƙirgawa da hannuna. A duba masa, ko an haɗa sakamakonsa da na wani."

Shugaban ya aika aka kira malamin lissafi. Suka riƙa ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi, da ya fi min sauƙi. Malamin ya ce a hankali, "Baba, wannan littafin ne ya kwafe. Ga shi har ya kai ƙarshe ya sake komawa farko. Har sunan inda aka buga littafin yana nan."

"To ba karatun ke nan ba?"

"A'a Baba. Rubutu ne."

"To a ina ake ganin karatun, in ba a takarda ba?"

Shugaban ya zaro takarda ɗaya daga tsakiya, ya miƙa wa malamin, ya ce ya ɗora tambaya ɗaya daga ciki a kan allon da ke jikin bango. Ya ce saboda darajar dattijon nan da ya taso, in na yi ta, zai bar ni in maimaita ajin. Aka ba ni alli. Tambayar da rubutun hannuna ne a takardar, sau biyu ma na kwafe ta a hutun. Na tsaya. Na rubuta layin farko, wato na sake kwafe tambayar a ƙasanta. Daga nan ba komai. Ina jin ƙarar fanka, ina jin yara na wasa a fili. Sai na ji muryar Baba a bayana.

"A ɗan ba shi lokaci, ranka ya daɗe. Haka yake tun yana ƙarami, yana da nauyin farawa."

Suka ba ni lokaci. Har allin ya jiƙe a hannuna. Daga ƙarshe Baba ne da kansa ya ce, "Ajiye, Sale." Ya tattara takardun, ya daidaita gefensu kamar yadda ya saba, ya ɗaure, ya yi musu godiya, muka fito.

Bai hau keken ba, turawa ya riƙa yi, ina bin sa a baya. Hadari ya haɗo ta gabas. Sai da muka kai tsakiyar gada ya tsaya, bai juyo ba, yana kallon ruwan kogi da ya cika ya yi ja.

"Ina kake zuwa in na tafi aiki?"

Na gaya masa. Duka, har da lasifika.

"Kai ka san ban iya karatu ba."

"Na sani, Baba."

"Shi ya sa."

Na so ya mare ni a wurin, a gaban masu wucewa, ko na samu abin riƙewa. Bai yi ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Shi ne ma ya fara ce wa mutane hali ne ya gagara, daga bakinsa Talatu ta ɗauka. Ya gwammace a ce shi ya kasa.

Ya ɗaga ƙafa ya hau keke ya tafi, bai ce in hau ba. Na bi titi a ƙasa ina kuka kamar ƙaramin yaro, motoci na wuce ni, har rigarsa ta ɓace min. Na yi tafiya mai nisa, iska ta fara tashi, masu kaya a bakin hanya na ta rufe tebura da leda. Da na kawo kwanar da ake shiga Kakuri, sai na hango shi tsaye a gindin wata bishiya, ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan feda. Ban san tun yaushe yake wurin ba. Na ƙaraso na tsaya nesa kaɗan, kaina a ƙasa.

"Hau," ya ce. "Ruwa zai sauko."